Lugude a Wadi Rum

Shafi na 23

Masu cika mini waya da "Wadha, ina ci gaba", ku yi haƙuri. Ku da kuke birni kuna zaton sabis yana bin mutum har shimfiɗa. Mu nan sai an hau tudun yashi an ɗaga waya sama kamar mai addu'a, jiya kuwa ƙafata ta ƙi hawa. Ke kuma da kika rubuto cewa Yaya Awwad mugu ne, karanta wannan shafin tukuna, sai mu yi magana.

Kun san inda muka kwana. Dutse ɗaya ne ya raba sansanin baƙinmu da na babban yayanmu Mutlak, amma shekara uku ke nan shi da Yaya Awwad ba sa ga-maciji. Tun ranar da Mutlak ya dawo daga jeji ya tarar an binne Yuba, mahaifinmu, Awwad ya tare shi a bakin tanti ya rantse Mutlak ba zai ƙara shan gahawa a cikinsa ba.

To, ranar da la'asar Yaya Awwad ya dawo da baƙinmu daga yawo. Ya kai su matsatsin Khazali sun shafa zanen mutanen dā a jikin dutse, ya kai su gadar dutse ta Ummu Furut sun hau da rarrafe sun sauko da jan gindi. Ya zube su a babban tanti su huta kafin a tafi kallon faɗuwar rana, shi kuma ya zagaya baya binne naman dare a ramin garwashi.

Akwai wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Ornella, gwiwa ta hana ta hawa ko'ina. Tun safe take bi na da tambaya, har akuyar mahaifiyarmu Yumma sai da ta nemi sanin sunanta.

Idonta ya faɗa kan turmin gahawar Yuba, yana rataye a jikin sandar tanti.

"Wannan fa?"

"Turmin gahawa ne, Madam."

"Amma na ga yayanki daga leda yake zuba gari."

"Niƙaƙƙiya muke saye daga garin Akaba."

Ta taɓe baki.

"Wato ado ne kawai, kamar takobin can."

Kalmar adon nan ita ta ɓata mini rai. Turmin da ya tara mazan kwarin nan shekara da shekaru, wai ado. Laifin Yaya Awwad ne, shi in ya riƙe taɓarya kamar mai kashe kunama yake, shi ya sa tun rasuwar Yuba ya rataye turmin ya huta.

Na leƙa baya, yana can yana fama da shebur. Na ɗebo soyayyar ƙwayar gahawa daga gwangwanin Yumma, na sauke turmin, na matse shi tsakanin gwiwoyina.

Dum a ƙasa, tak-tak a gefe. Dum, tak-tak.

Da niyyar in yi mata sau biyar in mayar na fara. Amma hannu ba ya mantuwa. Kafin in ankara na shiga luguden Yuba sosai, har wurin nan da yake ɗan tsayawa kamar wanda ya yi tuntuɓe, sannan ya ninka bugun. Baƙi suka tashi daga kishingiɗa, wayoyi suka fito, wasu na tafi. Ni kuwa idona a rufe, ina jin ƙamshin rigarsa.

"Wa ya sauke turmin nan?"

Yaya Awwad ne, toka har gwiwar hannu.

Taɓarya ta tsaya a hannuna.

"Tsohuwar ce ta ce ado ne, Yaya."

"Ta ce ado ne, sai ki yi wa duk kwari kira? Ke 'yar yau ce? Ba ki san duk wanda ya ji turmin gida an gayyace shi ba?"

"Kaɗan na yi."

"Iska ina ta nufa, Wadha?"

Na kalli ƙyallen da ke bakin tanti. Yana kaɗawa kai tsaye zuwa bayan dutse.

"Ƙila bai ji ba," na ce. "Injin sanyaya ɗakunansu yana da ƙara."

"Ki yi ta addu'a ƙwayayen jiminar nan nasa su toshe masa kunne."

Haka yake kiran fararen ɗakunan nan masu zagaye da Mutlak ya kafa, waɗanda baƙo ke kwanciya yana kallon taurari ta gilashi. Mu har yanzu tantin gashin akuya muke, Yaya Awwad kuma yana alfahari da shi kamar shi ya saƙa.

Daga bayan labulen da ya raba ɓangaren maza da namu, muryar Yumma ta fito a sanyaye.

"Ɗora ruwa a wuta, Awwad. Wanda ya ji zai zo."

Ruwan bai kai ga tafasa ba muka ji ƙugin mota.

Farar a-kori-kurar Mutlak ce ta kewayo dutse, bayanta cike da baƙinsa a kan benci, kowa ya naɗa jan ƙyalle a ka an karkace. Ashe yana shirin fita da su kallon rana ya ji, kuma shi ba mutumin da zai bar baƙi a tsaye ya tafi sha'aninsa ba ne. Sai ya kwaso su gaba ɗaya.

Ya tsayar da motar nesa kaɗan, ya sauko. Ya yafa alkyabbarsa ta Sallah a kan rigar aiki mai maiƙon inji. Wannan alkyabbar ita ta karya mini zuciya, don na san da gudu ya shiga ɗaki ya ɗauko ta.

Ya yi gyaran murya, ya yi sallama.

Yaya Awwad ya murtuke fuska, amma baƙo a bakin tanti baƙo ne.

"Wa alaikumus salam, Abu Nayif. Bismillah."

Abu Nayif, wai, baban Nayif, da sunan ɗansa. Kamar wani baƙon da ya zo daga garin Ma'an sayen raƙumi, ba wanda ya goya shi a kafaɗa yana yaro ba.

Madam Ornella ta jawo hannun rigata.

"Wannan ma yana cikin shirin yau?"

"Yana ciki, Madam. Ki zauna ki yi shiru, ba kullum ake yi ba."

Na sulale bayan labule wurin Yumma. Tana zaune da mazarinta tana kaɗin gashi, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Akwai wata 'yar huda a labulen nan da nake leƙe ta ciki tun ban yi wayo ba, na manna idona.

Baƙin sansani biyu sun jeru a kan dardumai. Yaya Awwad ya juye garin da na daka a buta, ya bar shi ya taso, ya sauke. Ya zuba wa kansa ya kurɓa, sannan ya zuba a finjali ya miƙa da hannun dama.

Mutlak ya karɓa. Ya kai hanci ya shaƙa, idonsa ya kaɗa.

Ya ajiye finjalin a ƙasa.

Cikin baƙinmu akwai wani magidanci daga Amman, babban birnin ƙasarmu, da iyalinsa. Shi kaɗai ya sauke wayarsa, ya ce wa matarsa ƙasa-ƙasa, "Kashe bidiyon nan. Buƙata ya zo da ita." Ya sani kamar yadda muka sani, finjalin nan ba zai bar ƙasa ba sai mai gida ya ce an biya buƙata. In kuwa gahawar ta huce a wurin, abin kunyar na mai tanti ne, za a daɗe ana labarinsa.

Yaya Awwad ya dubi finjalin, ya dubi mai shi.

"Ba ta yi maka ba ne? Ko ka saba da ta inji, irin ta cikin ƙwayayen jimina?"

"Gahawa lafiya lau. Ka kira ni, na zo."

"Ni ban kira ka ba."

Mutlak ya ɗago.

"Hannun Yuba na ji, Awwad. Ina ɗaure ƙofar mota na ji shi, har tuntuɓen nan nasa. Na ce ashe ƙanena zama ya yi ya koya, don ya kira ni da muryar ubanmu."

Yaya Awwad ya kawar da kai.

"Kuskure ne. Wadha ce take yi wa baƙi wasa."

"Wadha?"

Dole na yi magana ta bayan labule.

"Ni ce, Yaya. Tun da hannun Yuba ya fara rawa ni nake daka masa da asuba, kafin mutane su iso. Shi sai ya riƙe buta a gaba."

"Duk luguden da muke ji a ƙarshen nan naki ne?"

"Nawa ne. Ya ce kada in faɗa."

Mutlak ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. Ya tattara gefen alkyabbarsa.

"To. Ashe wasa ne. Ku gafarce ni, na katse muku."

Ya yunƙura zai tashi. A raina na ce shi ke nan Wadha, kin kira mutum kin sa an wulaƙanta shi a gaban Turawa. Ban taɓa jin haushin hannuna irin na lokacin ba.

"Ina za ka?" in ji Yaya Awwad. "Ka ajiye finjali a tantina a gaban mutane, sannan ka kaɗe riga ka tafi? Gobe a ce gahawa ta huce a gidan Awwad? Zauna ka faɗi buƙatarka, in amsa ko in ƙi."

Mutlak ya koma ya zauna.

"Ka janye rantsuwarka. Ita ke nan."

"Ita ke nan?"

"Nayif ya fara wayo. Jiya ya tambaye ni me ya sa kakarsa ce kullum take zuwa gidanmu, mu ba ma zuwa nata. Ban san me zan ce masa ba."

"Ka ce masa ubansa yana da baƙi."

"Awwad."

"A'a, ai gaskiya ce. Ka dawo mini da ranar nan tukuna, sai in janye. Ni na riƙe kansa, Abu Nayif. Ni na ɗiga masa ruwa a baki. Idonsa yana kan ƙofar tantin nan har ya cika. Kai kana can kan dutsen Ummu Dami kana nuna wa Turawa inda ƙasar Saudiyya ta fara. Yumma ta kira ka, ka ce kana da baƙi."

Mutlak ya zuba wa finjalin ido.

"Ga baƙin naka nan ka zo da su," Yaya Awwad ya ci gaba, "ka faɗa a gabansu. Haka aka yi ko ba haka ba?"

"Abin da Yumma ta ce, shi ne."

"Amsar da ka ba ni ke nan ranar ta'aziyya."

"Ita zan ba ka yau ma."

Na ji mazari ya faɗi a gefena.

Yumma ta kama wuyan hannuna ta ture ni daga hudar, ta sa nata idon. Ban taɓa ganin ta leƙa ɓangaren maza ba, ita da take dungure mini kai in ta kama ni ina yi.

"Tururin ya fara raguwa," ta ce, da kanta take magana.

"Yumma, lafiya?"

Ba ta kula ni ba. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda za ta ratsa labule.

"Ban kira shi ba."

Ko Turawan da ba su jin Larabci sai da suka juyo.

"Yumma, me kika ce?" Muryar Yaya Awwad ta canza.

"Ka ji ni. Ban kira yayanka ba."

"Ni da kaina na ba ki wayar kafin in tafi ƙauye ɗauko likita."

"Ka ba ni. Na ɗauke ta zan hau tudu, ubanku ya riƙe mini gefen mayafi. Ya ce ina za ki. Na ce Mutlak zan kira. Ya ce Mutlak yana tsakiyar yashi da mutanen da ba su san gabas ba, ba su san yamma ba, ga zafi. In ya ji, ko ya bar su, ko ya kora su a kan raƙuma har wani ya faɗi. Ya ce ba za a ce ɗansa ya watsar da baƙi a jeji saboda tsoho zai mutu ba. Ya sa na yi masa alkawari."

"Amma da na dawo na tambaye ki. Na ce kin same shi?"

"Na gyaɗa maka kai. Ka ce me ya ce, na ce yana da baƙi. Na san in na faɗa maka gaskiya za ka hau tudun da kanka, ubanku kuma yana ji yana gani. Na ce bayan kwana biyu zan warware. Kafin in buɗe baki kai ka riga ka rantse a gaban jama'a."

"Shekara uku, Yumma."

"Tsoro na ji. Na hana ɗa ganin ubansa, na sa ɗaya ya yi rantsuwa a kan ƙarya. Da wane ido zan kalle ku? Na yi ta jira ku shirya sannan in faɗa, ashe sai na faɗa za ku shirya."

Tana magana hawaye na bin zanen haɓarta, ba ta share ba. Na rungume kafaɗarta, amma idona ya koma huda, ku gafarce ni, halina ne.

Yaya Awwad ya juya ga Mutlak a hankali.

"Kai ka sani?"

"Wayata tana aljihuna duk kwanakin nan. Kan Ummu Dami akwai sabis. Ba ta yi ƙara ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tanti cike da masu ta'aziyya, ka ce Yumma ta kira ni. In miƙe in ce uwata ta yi ƙarya? Kai za ka iya?"

"Bayan nan fa? Da mutane suka watse?"

"Bayan nan kai ba ka amsa sallamata. Ita kuma duk Juma'a in ta zo ganin yara, sai in ga idonta yana gudun nawa. Na ce in na tambaya zan ƙara mata ciwo."

Yaya Awwad ya sauke ido. Ya dubi hannayensa masu toka kamar ba nasa ba. A cikin su ukun shi na fi jin tausayi. Mutum ya kwana ya tashi da fushi shekara uku, yana ganin shi ne mai gaskiya, rana ɗaya a ce masa babu abin fushin. Har tare wa Mutlak baƙi ya sha yi a tashar ƙauye, ya ce musu wancan sansanin cike yake da kunama.

Ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin daga ƙasa. Ya taɓa shi da bayan yatsa.

"Ta huce."

Ya watsa ta a yashi. Mutumin Amman ya sunkuyar da kai.

"Ba za a ba yayana gahawa mai sanyi a tantin ubansa ba. Wadha, fito ki daka sabuwa."

"A ɓangaren maza, Yaya?"

"Da kika yi wa Turawa a ina kika zauna, a kan wata?"

Na fito ina gyara mayafi. Kalmar "yayana" ce ta fito daga bakin Yaya Awwad. Na ji da kunnena, Mutlak ma ya ji, don ya ja gefen ƙyallen kansa ya rufe rabin fuskarsa.

"Rantsuwar fa?" ya tambaya ta cikin ƙyallen.

"Zan yi kaffara."

"Azumi? Kai da kake neman inuwa tun hantsi?"

"Ciyarwa zan yi. Ba dai raguna kake taƙama da su ba? Ka ba ni ɗaya."

"Ka yi rantsuwar, ni in biya?"

"Wa ya ce ka yi shiru kamar dutse? Rabin laifin naka ne."

Wani dogon Bature cikin baƙin Mutlak ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta, ya nuna agogonsa, ya tambaya ko an fasa zuwa kallon faɗuwar rana. Mutlak ya zabura zai miƙe. Ko a wannan halin baƙo ne a ransa.

"Zauna," in ji Yaya Awwad.

Ya tashi ya kwance igiyoyin bangon tanti na yamma, ya naɗe shi sama. Rana tana daidai kan duwatsu, yashi ya yi jawur, hasken ya shigo har kan dardumai.

Ya ce da Turancinsa na tasha, "Ga ta nan, ba ta ƙaura ba. Yau daga zaune za ku kalla."

Suka juya gaba ɗaya da wayoyinsu, suka ba mu baya. Madam Ornella kaɗai ta ƙi juyawa. Ta ce ta ga rana tana faɗuwa sau dubu, wannan kuwa ba ta taɓa gani ba.

Na zauna na matse turmin. Wannan karon ban rage hannu ba, na bar shi ya tafi duk inda iska ta ga dama. Da na zo wurin tuntuɓen, yayyena biyu suka gyaɗa kai lokaci ɗaya, ba su ma san sun yi ba.

Ruwa ya tafasa. Yaya Awwad ya kurɓi tasa, ya zuba, ya miƙa.

"Sha gahawarka, Yaya. Abin da ka zo nema ka samu."

Mutlak ya sha.

Daga bayan labule na ji Yumma ta saki numfashi, tana hamdala ƙasa-ƙasa. Mutumin Amman ya share ido da hannun riga, ya ce wa matarsa hayaƙi ne.

Yaya Awwad ya zuba ta biyu. Mutlak ya karɓa, amma bai kai baki ba. Ya miƙe da ita a hannu, ya taka har gindin labule, ya durƙusa, ya ajiye finjalin a ƙasa.

"Kuma dai?" in ji Yaya Awwad. "Gahawar tawa za ka ƙarar?"

"Wannan ba taka ba ce."

Ya fuskanci labulen.

"Yumma, wannan buƙatar a wurinki take."

Ya ci gaba.

"Kafin in tafi jejin nan mun yi sa-in-sa da Yuba a kan fararen ɗakunan da nake so in kafa. Ya ce zan mayar da Rum otal. Na fita ban yi masa sallama ba. Shekara uku ina zaton shi ya sa aka ƙi kira na. Yanzu na ji dalili, na gode. Amma Awwad ya ce idonsa yana kan ƙofa. Ki faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Ya tafi yana fushi da ni?"

Labulen ya motsa.

Tun da aka kawo Yumma gidan nan amarya, ƙafarta ba ta taɓa taka ɓangaren maza da baƙi a ciki ba. Sai ga hannunta mai zanen shuni ya ɗaga gefen labule. Ta fito, ta zauna a gaban ɗanta, gwiwa da gwiwa.

"Can dab da ƙarshe, Awwad ya fita ɗebo ruwa. Ubanku ya buɗe ido ya ce, Mutlak bai zo ba? Na ce bai zo ba, yana tare da baƙinsa."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya yi murmushi. Ya ce, ɗana ke nan."

Mutlak ya kifa goshinsa a kan gwiwarta. Ƙato mai 'ya'ya uku, kafaɗunsa na girgiza. Yaya Awwad ya matso ya dafa bayansa da hannunsa mai toka, ya ɓata alkyabbar Sallah.

Yumma ta ɗauki finjalin da kanta ta sa masa a hannu.

"Sha kafin ta huce. Akwai sauran saƙo."

Ya sha. Dukanmu muka zuba mata ido.

"Ya ce akwai wurin da zan kai ku, ranar da na ga kun shiga mota ɗaya."

"Wane wuri?" in ji Mutlak. "Babu kwazazzabon da ban kai baƙi ba a Rum."

"Wanda bai sani ba ni na sani," in ji Yaya Awwad.

"Wannan ba ku san shi ba, ku duka. Babu baƙon da ya taɓa ɗaukar hotonsa. Gobe bayan sallar asuba."

Yaya Awwad ya laluba aljihu ya ciro makullin motarsa, ya ajiye kusa da finjalin.

"Tawa ta fi ƙarfi a yashi."

Mutlak ya ɗauka.

"Amma ni zan tuƙa. Na ga yadda kake jijjiga tsofaffin mutane."

"Ni fa, Yumma?" na ce. "In tsaya da baƙi?"

"Ke ce ma kan gaba. Ki naɗe turmin nan a bargo ki taho da shi."

"Turmi kuma? A jeji wa za a yi wa gahawa?"

Ta miƙe, ta kama gefen labule.

"Ubanku ya ce in kun isa kada kowa ya yi sallama. Ki zauna a bakin dutsen ki yi luguden nan nasa. Akwai wanda zai fito."

"Wa?" Su biyun suka tambaya tare.

Yumma ta saki labulen.